Lambu a buhu da galan: yadda na daina sayen ayoyo a Nima

Mahaifina yakan ba mu labarin shekarar 1972, lokacin da gwamnatin Kanar Acheampong ta ƙaddamar da shirin ciyar da kai a Ghana, kowa ya kama shuka a bayan gidansa. Ni dariya nake yi. Ina ce masa, "Baba, a gidan haya a Nima, ina bayan gidan yake?" Sai da tumatir ya yi tsada, kuɗin cefane ya daina kaiwa ƙarshen mako, sannan na tuna maganarsa.

Lambun gida iri-iri ne. Mai fili, kamar 'yan uwanmu a Tamale, sai ya yi kunya-kunya ya shuka kuɓewa da yakuwa da masara. Mai baranda ko rufin bene ya jera bokitai. Mu da ba mu da ko taki ɗaya, buhu ne gonarmu, sai galan ɗin nan mai ruwan ɗorawa da muke kira galan ɗin Kufuor. A yanke shi biyu, a huda ƙasansa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, a cika da ƙasa gauraye da kashin kaji wanda ya daɗe ya bushe. Ɗanyensa ƙona shuka yake yi.

Da buhu uku na fara: alefu, ayoyo da barkono. Alefu bai cika wata ba na fara tsinka, ayoyo ya biyo baya da kamar mako biyu. Kuɓewa tana neman wata biyu, tumatir kusan uku, kuma dukansu suna son rana ta aƙalla awa shida.

Ban sha da daɗi ba fa. Akuyar maƙwabci ta cinye shukar farko tas a dare ɗaya. Mai gida kuma ya ce ina jiƙa masa siminti, in kwashe kayana ko in nemi wani ɗaki. Gabana ya faɗi, don samun ɗaki a Akra ba wasa ba ne. Na ba shi haƙuri, na ɗora buhunan a kan bulo da tsohon faranti a ƙasa, na kewaye su da tsohuwar ragar sauro. Ruwan alwala nake tarawa in ba su safe da yamma. Mai sabulu kam ba na zubawa. In ƙwari suka taso, ganyen darbejiya nake dakawa in jiƙa ya kwana, in fesa.

Yanzu buhuna tara. Wata huɗu ke nan ban sayi ayoyon miyar tuwon zafi ba. Makon jiya matar mai gidan ta leƙo ta ce, "Maman yara, ko akwai sauran iri?" Na ba ta na alefu a ƙullin takarda, na nuna mata inda za ta huda galan.