Sautun Biki Ta Waya: Sana'ar Zaune da Sharuɗɗanta

 

Ya ku 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalan Tambuwal da Kebbe da kewaye, farashin gero da dawa da shinkafa yana nan a shafinsa kamar kullum. Magana ta yau kan wata sana'a ce da tash shigo muna ta waya, wato yi wa masu biki hidima daga nesa. Mutum shina zaune rumfarsa a Dogon Daji, ko mace tana ɗakinta a Kuchi, sai a haɗa lefe daga Kantin Kwari na Kano, a loda shi, shi iso gidan ango, alhali wanda yah haɗa bai taka ko tasha ba, kuma ya ci la'adarsa. Yaranmu na ce mata aiki daga gida, suna ganin sabon abu ne. To, mu da munka girma cikin kasuwa mun san ta da tsohon sunanta, sautu.

Can da, idan uwar ɗiya ta ji rana ta matso, sai ta ƙulle kuɗɗinta a bakin zane ta kai wa falke mai zuwa Kano ko Jega ko Sakkwato, ta ce ga abin da nike so. Shi tafi da ƙafarsa, shi gani da idonsa, shi taya da bakinsa, shi ɗauko da hannunsa. Haka anka yi zamanin fam da sule, haka anka ci gaba bayan naira ta shigo a 1973. Sai wayar hannu taz zo ƙasar nan a 2001, bayanta anka samu WhatsApp da Facebook da tura kuɗɗi ta banki, sai sautu yas sake kama.

Ga inda bambancin yake, kuma shi ne gindin maganar wagga. Da, ido da kuɗɗi da kaya cikin mutum guda suke tafiya. Yanzu sun rabu uku: hoto ya bi waya, kuɗɗi su bi banki, kaya su bi mota. Wanda ya iya haɗa ukun nan su gamu a ƙofar mai biki kafin ranar da anka sa, shi ne mai sana'a. Wanda guda tak kuɓuce masa, shi ne za a kai gaban Sarkin Kasuwa.

Me ya sa biki ya fi sauran hidimomi karɓar wanga aiki? Don kayansa da yawa ne, kuma ba a kasuwa guda suke ba. Atamfa da leshi da shadda suna Kwari. Robobi da kwanuka da kuloli suna Ƙofar Wambai. Taliya da sukari da mai suna Singa. Takalma da jakunkuna da yawansu daga Aba da Onica suke fitowa. Uban ango da ke noma a Sanyinna ko Jabo ba ya iya zagaya waɗanga wurare, ga kuɗɗin mota, ga halin da hanya ke ciki. Sa'an nan biki shina da lokacinsa sananne: bayan kaka idan hatsi ya shiga rumbu kuɗɗi sun shiga aljihu, da watannin Rajab da Sha'aban kafin azumi, da bayan Salla. Mai lura yana iya shirya wa lokacin kamar yadda muke shirya wa sabon gero.

To, ga ƙofofin da ake ci daga zaune.

Ta fari, haɗa lefe da kayan sa rana. Mai wanga aiki yana da amintacce a Kwari da ke aiko masa hotunan abin da yaf fito. Shi nuna wa dangin ango, su zaɓa, a tsai da turmi nawa, mayafi nawa, akwati saiti nawa. Goro da dabino da alawa kuwa ana iya haɗa su nan kusa.

Ta biyu, anko. Wanga shi ya fi sauƙin jari, don kuɗɗin mutane ne ke saye. A fid da zane guda, ƙawayen amarya da dangi kowa ya turo nasa, wata tana Kaduna, wata tana Legas, wata tana Birnin Kebbi, a sayo gaba ɗaya da farashin sari, a raba. Aikin duka rubutu ne da lissafi: wa yab biya, yadi nawa, ina za a kai.

Ta uku, kayan ɗaki. Gado da katifa da kujeru da labule. Dillali na haɗa uwar ɗiya da kafinta a Sakkwato, shi bi aikin da hoto mako mako har a gama. A nan awon ɗaki ne abin kiyayewa, don gadon da ya ƙi shiga ƙofa ba ya komawa.

Ta huɗu ita ce tamu, mu 'yan hatsi, wato gara da abincin taro. 'Ya'yan ƙasar nan da yawa suna ci-rani ko aiki a kudu da Abuja, kuma a gida suke aure, a gida suke aurad da ƙannensu. Mutum shi bugo daga Fatakwal shi ce a kai gidanmu buhun shinkafa kaza, masara kaza, jarkar mai kaza, ran kaza. Bai ga kayan ba, ba ka ga fuskarsa ba, ciniki ya faɗa. Mata masu alkaki da nakiya da dubulan su ma ta haka suke karɓar aiki, haka masu turaren wuta da humra.

Ta biyar ta samari ce masu ilmin waya: zana katin gayyata, da kalandar ango da amarya, da takardar da ake liƙawa ga kayan rabo. Wanga aiki bai da buhu bai da lodi. A zana a nan, a tura wa mai injin bugawa a Sakkwato, ko a raba shi ta waya ba a buga ba sam. Almajirin da ke da kyan hannu a ajami da boko kada shi raina kansa, akwai dattawan da katin ajami ne kaɗai za su karanta da kansu.

Kada kuma mu mance da mata. Tun asali dillaliya ce ke riƙe da cinikin biki cikin gidaje, tana shiga inda namiji ba ya shiga. Matar da ke cikin kulle kuwa sai ta ɗora wa yarinya talla. Yanzu waya na iya ɗaukar tallan, yarinya ta tafi makaranta. Wanga kaɗai riba ce da ba ta shiga lissafin naira.

Amma a sani, ba kowane aikin biki ke yiwuwa daga nesa ba. Ƙunshi da kitso da girki da jeren ɗaki sai da hannu. Wanda yak karɓi irin waɗanga ta waya, to dillancin mutane shike yi, kuma idan mai ƙunshi ba ta zo ba shi za a kama.

Yanzu sai haɗarin abin. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Buhun geron da ya makara mako guda gero ne har yanzu, wataƙila ma ya ƙara kuɗɗi. Ankon da ya iso bayan an kai amarya tsumma ne a idon masu shi. Kayan biki kamar tumatir suke, ranar ce ke ruɓad da su. Saboda haka mai wanga sana'a ba kaya kaɗai shike sayarwa ba, alkawarin rana shike sayarwa.

Kuma igiyoyin nan uku kowace ta taɓa tsinkewa a gabanmu. A watan Satumba 2021 anka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, wanda duk lissafinsa ke cikin waya sai yaz zama makaho. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗɗi tab ɓace, turawa ta banki tana maƙalewa, masu POS sunka tsawwala, mai kuɗɗi a asusu ya kasa biyan ɗan dako. Ran 29 ga Mayu 2023 anka janye tallafin fetur, kuɗɗin mota yat tashi, wanda yay yanka wa mai biki farashi har da kawowa kafin ranar, daga aljihunsa yac cika. Ga kuma hanya: direbobi sun daina son tafiyar dare a wasu wurare, motar da ke kwana guda tana iya yin biyu.

Bayan waɗanga akwai na mutane. Akwai saƙon banki na ƙarya, wanda ke nuna kuɗɗi sun shigo alhali ba su shigo ba. Akwai hoton da ke ƙara wa zane haske, a zaɓi ruwan toka a ga ruwan ƙasa. Akwai atamfar kwaikwayo mai ɗauke da tambarin ta ainihi. Akwai mai ɗauko hoton shagon wani shi ce nasa ne, shi tara kuɗɗin anko shi kashe waya. Irin wanga mutum guda shi ke ɓata wa mutum ɗari kasuwa.

Maganin abin ba sabo ba ne, yana cikin littattafan da munka karanta a zaure. Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffa, da sharaɗin idan ya zo ya saɓa wa siffar mai saye na da ikon mayarwa. Sun halatta salam, wato a ba da kuɗɗi yanzu a karɓi kaya gaba, idan an san iri, an san awo, an san ajali. Babin ciniki na Risala ya kawo wanga duka, har da hana mutum sayad da abincin da yas saya kafin shi karɓe shi, abin da ya kamata kowane ɗan hatsi mai ciniki ta waya shi riƙe da kyau. Kuma aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi taz zo. Daga nan na tsamo waɗanga sharuɗɗa bakwai.

Na ɗaya, a rubuta. Iri, adadi, farashi, kuɗɗin mota, rana. A waya kuma a littafi, don waya na faɗawa ruwa.

Na biyu, a faɗi matsayi tun farko. Ko kai wakili ne mai cin la'ada, ko kai mai saye ne ka sayar. Idan wakili kake, farashin da kas sayo shi za ka faɗa, la'adarka daban a fili. A ce ka yi sautun naira 500,000 bisa biyar cikin ɗari, haƙƙinka 25,000 ne. Abin da kaɗ ɗora a ɓoye bayan wanga ba riba ba ce.

Na uku, kada a karɓi aikin da ranarsa ta matse. Kaya su iso da saura kwana goma ko fi, don a samu damar canza abin da bai yi ba.

Na huɗu, hoto bai isa ba ga kaya masu tsada. A nemi hoto mai motsi cikin hasken rana, a ga tambari, a ga bakin zane. Ga hatsi kuwa a faɗi na wace ƙasa ne, sabo ko tsoho, kuma da wane kwano anka auna, don kwanon wata kasuwa ba na wata ba ne.

Na biyar, ba a sakin kaya da ganin saƙo. Sai ka duba asusunka da kanka ka ga kuɗɗi sun zauna.

Na shida, a yi lodi a tasha sananniya ta hannun ɗan kamasho, a riƙe lambar mota da ta direba, a tsai da tun farko wa ke ɗaukar hasara idan kaya sun salwanta a hanya.

Na bakwai, kuɗɗin sautu amana ne, ba jari ba ne. Kada ka juya kuɗɗin lefen wani cikin wake ka ce kafin rana ka mayar. Kasuwa ba ta san ranar auren kowa ba.

Ga samari masu son shiga, nasihata ita ce a fara da ƙarami kuma a fara da gida. Ankon ƙanwarka, katin abokinka, garar maƙwabci. Ka samu mutum guda amintacce a Kano ko Sakkwato, ka je ka gan shi ido da ido ko sau guda, ka san shagonsa da maigidansa. Waya na ƙara wa sani tsawo, ba ta haifad da shi. A garuruwa irin namu kowa ya san gidan kowa, wanga shi ne jarin da ɗan birni bai da shi: uwar ɗiya za ta ba ka kuɗɗinta don ta san ƙofar da za ta buga. Biki guda da ka fid da kunya zai kawo maka uku, don taron biki shi ne babbar talla.

Ga dattawan kasuwa kuma, kada mu tsaya muna yi wa abin kallon wasan yara. Su ke da yatsa, mu ke da suna da sanin kaya. Idan maigida ya zaunad da yaronsa gefen rumfa da waya, shi kuma ya tsaya masa da sunansa, la'adar da ke tafiya hannun baƙi za ta tsaya Tambuwal da Kebbe.

Allah Shi ba mu kasuwa mai albarka, Shi kawo muna zaman lafiya a hanyoyinmu da ƙauyukanmu, Shi rufa asirin iyayen ɗiya. Amin. Wassalam.