Ƙara wa Mota Tsayi: Abin da Farfela Ke Biya

Duk wanda ke ɗaukar kaya daga ƙauyukan Kademi ya san hanyar yankin tana da fuska biyu. Da rani yashi ne ke riƙe taya, da damina kuwa ruwa ya zaizaye burji ya bar kwazazzabai, tsakiyar hanya ta yi tozo har cikin mota ya riƙa gogar ƙasa. Ga buhunan gero da dawa da gyaɗa suna jiran a kai su Gaya ko Ajingi, ga dabbobin da za a kai kasuwar Wudil ranar Juma'a. Don haka mai akori-kura, tsohuwar Hilux ce ko Peugeot 504 irin wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ba don ado yake ɗaga motarsa ba. Neman abinci ne.

Ɗagawar ba ta da tsada. A ƙara ganye ɗaya ko biyu a sifirin, ko a bubbuge tsofaffin su ƙara lanƙwasa, ko a saka kulkin ƙarfe tsakanin sifirin da aksil, a sa taya mai girma, shi ke nan mota ta miƙe. Bayan 'yan makonni ne direba zai fara jin wata karkarwa tana tasowa daga ƙarƙashin kujera in ya taka mai a kwalta. Ya canza kuros, ya sake canzawa, yana ta tsine wa jabun kaya. Sau da yawa kayan ba su da laifi.

Farfela ita ce sandar da ke kai ƙarfin inji daga giya zuwa aksil ɗin baya, kuma kowane bakinta na da kuros, wato gaɓar da ke ba ta damar juyawa a karkace. Wannan gaɓa tana da wani hali: in tana aiki a karkace, gudunta ba ya tafiya daidai, yakan ƙaru ya ragu sau biyu a kowane juyi. Abin da ke ɓoye wannan aibi shi ne kuros na biyu, wanda ke warware abin da na farko ya ƙulla, amma sai in karkatarsu ta yi daidai da juna. Masu ƙera farfela suna ba da shawarar kada karkatar kowane kuros ta wuce kamar digiri 3 a motar da ke gudu a titi, kuma kada bambancin da ke tsakaninsu ya haura digiri 1. Da an ɗaga mota, giya ta yi sama, aksil yana nan ƙasa inda yake, lissafin ya rushe. Kuma gwargwadon gajartar farfela, gwargwadon munin karkatar.

Gyaran nan ya fi buƙatar awo a kan kuɗi. Wayar hannu ta zamani tana iya auna karkata, sai a ɗora ta a bakin giya, a jikin farfela, da bakin aksil, motar tana tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri da irin lodin da ta saba ɗauka. In an ga bambanci, ana saka wani siririn ƙarfe mai kauri a gefe ɗaya tsakanin sifirin da mazauninsa, ya ɗan juya hancin aksil. Ya zama na ƙarfe ne, kuma ƙusar tsakiyar sifirin ta ratsa shi, don in ya zame aksil zai goce. Motar da farfelarta biyu ce, mai boris a tsakiya, sai a sassauto da boris ɗin ƙasa kaɗan da faranti da dogayen ƙusoshi. Wannan aiki ne da ƙaramin gareji zai iya.

Akwai kuma kuskuren da ba ya cin ko kwabo wajen gyara. Farfela na da wurin da take zamewa ta ƙara tsawo ko ta rage, in sifirin ya motsa. Yaron gareji zai zare ta ya wanke, ya mayar a haƙorin da ya ga dama. Dole kunnuwan bakin nan biyu su kasance a layi ɗaya. Alli ko ɗigon fenti kafin a zare ya wadatar.

Inda ake yin ganganci shi ne ƙarin tsawo. Ɗagawa na janye wurin zamewar nan har ya rage kaɗan ke riƙe, sai mai walda ya yanke farfela ya jona mata guntun bututu, yana daidaitawa da ido. Sandar da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya ba a daidaita ta da ido. Karkacewar da ba ta kai kaurin farce ba tana iya cinye boris ɗin giya, ta sa mai ya fara yoyo, kuma in walda ta saki ta gaba, sandar na iya cakar ƙasa ta wuntsula motar. Gara a nufi Ƙofar Ruwa a Kano da ma'auni a hannu a nemo tsohuwar farfela mai tsawon da ake so, ko a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su jona ta a kan inji.

Mai Hilux mai jan gaba da baya yana da ƙarin abin lura. Aksil ɗin Toyota ba ɗaya ba ne a ciki: akwai mai 4.10, mai 4.30, mai 4.56, da mai 4.88, wato yawan juyin farfela kafin taya ta juya sau ɗaya. In aka sayo aksil ɗan Beljiyam, wato na hannu, aka ɗaura a baya alhali bai dace da na gaba ba, tayoyin za su riƙa ja-in-ja har wani haƙori ya karye. Ana ganewa tun a kasuwa, a juya tayoyin biyu tare sau ɗaya, a ƙirga juyin bakin aksil. Sababbin Hilux kuwa, waɗanda kowace tayar gaba ke da nata shaf, ba su son ɗagawar da ta wuce kamar inci 2, robar shaf ɗin ce ke fara yagewa, yashi ya shiga ya gama aikin.

Babbar taya ma da kuɗinta. In ta fi ta asali da kashi 10 cikin 100, ƙarfin ja ya ragu da kusan haka, kulochi ya sha wuya a yashi, agogon gudu kuma ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, ƙarin man da wannan ke sa motar ta sha asara ce da direba ke ji a aljihu kullum. Sannan tiyon birki na baya, wanda aka yi shi daidai tsayin asali, yakan miƙe tsam in taya ta faɗa rami. A canza shi da mai tsawo ranar da aka ɗaga motar, a kuma sake ɗaure ƙusoshin sifirin bayan lodin farko, don sukan saki.