Sun Fita Ƙwato Kudus, Suka Wawashe Birnin 'Yan'uwansu

A shekarar 1198 Fafaroma Innocent na Uku ya yi yekuwar yaƙi domin a ƙwato Kudus, wadda Salahuddin Ayyubi ya karɓe a 1187. Jagororin rundunar suka shirya su fara da Masar. To, da waɗanne jirage za su ƙetare teku?

Sai suka ƙulla ciniki da birnin Benis: jiragen ɗaukar mutum 33,500, a kan kuɗin azurfa 85,000. A 1202 ko rabin mutanen ba su hallara ba, bashi ya hau wuyansu. Sarkin Benis, Enrico Dandolo, tsoho tukuf kuma makaho, ya ce zai ɗaga musu ƙafa in sun ci masa garin Zara. Garin Kiristoci ne, Fafaroma kuma ya hana a taɓa shi. Mai karatu, da kai ne, wa za ka bi, limaminka ko mai binka bashi?

Suka bi mai bashi. Fafaroma ya fusata ya kore su daga coci, daga baya ya yafe wa waɗanda ba 'yan Benis ba. Ashe wasa farin girki.

Ana nan sai ga saƙon yarima Alexios na daular Rumawa ta gabas, wanda baffansa ya ƙwaƙule wa mahaifinsa idanu ya ƙwace sarauta. Ya yi alkawarin azurfa 200,000, da sojoji 10,000, da miƙa cocin Kustantiniya, babban birnin daular, ƙarƙashin Fafaroma, in aka mayar da gidansu kan mulki. Da kai ne, za ka ƙi?

A 1203 suka ɗora shi a kan gado. Da ya leƙa baitulmali, kuɗin ba su kai ba. Talakawa suka harzuƙa da haraji, wani bafade ya hamɓarar da shi, aka shaƙe shi. Yanzu wa zai biya?

A watan Afrilu 1204 rundunar ta fasa Kustantiniya. Kwana uku ana kisa da wawaso, har cikin cocin Hagiya Sofiya. Fafaroma ya rubuta musu wasiƙar Allah wadai, amma bai ce a mayar da birnin ba.

Rundunar ba ta taka Masar ba, balle Kudus. Rumawa sun ƙwato birninsu a 1261, sai dai daular ba ta sake miƙewa ba har Sultan Muhammad Fatih ya ci ta a 1453. Mai karatu, wanda ya ci bashi don ya tafi yaƙi, mai bashin ne zai zaɓar masa abokin gaba.