Alkamar Sin da gubar da wuta ba ta kashewa

A shekarar 1993 ruwan sama ya yi yawa a jihohin Dakota ta Arewa da Minnesota na Amurka, daidai lokacin da alkama ke fure. Kafin girbi sai zangarniya ta fara fari-fari tun ganye yana kore. Manomi ya tsinko ɗaya ya murje a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayi, abin da zai rage masa ƙwaya ce a yamushe, fara kamar alli, wata da ɗan ja-ja, ba nauyi. Asarar yankin a wannan shekara ta kai kusan dala biliyan 1.

Mai wannan ɓarna wata fumfuna ce da masana ke kira Fusarium. Tana kwana a busasshen karan masara da ragowar alkamar bara, ta jira ɗumi da laima, sannan ta shiga ta fure. Raguwar amfani ma da sauƙi. Babbar matsalar ita ce gubar da take bari a cikin ƙwaya, wadda ake taƙaita sunanta da DON, ana kuma yi mata laƙabi da gubar amai, domin dabbar da ta ci ta da yawa takan ƙi abinci ta yi ta haraswa. Zafin gashin burodi ba ya kashe ta. Shi ya sa hukumar abinci ta Amurka ta ba da shawarar kada ta wuce miligiram 1 a kowane kilo na fulawar da mutum zai ci.

Mafita ta zo daga nesa. A Suzhou ta ƙasar Sin, inda cutar ta daɗe tana addabar manoman kwarin kogin Yangtze, an samar da wani iri mai suna Sumai 3 a wajajen 1970. Fumfunar takan kama shi, amma ba ta iya bin zangarniyar daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Inda ta shiga nan take tsayawa. Sai dai a gonar Amurka irin ba shi da auki, dole aka yi ta haɗa shi da na gida ana zaɓe kaka bayan kaka. Sai a 2000 jami'ar jihar Dakota ta Arewa ta fitar da wani iri mai suna Alsen mai ɗauke da wannan gado. Shekara bakwai ke nan bayan ɓarnar 1993, kuma a wannan sana'a an yi sauri.

Abin da ya fi ba ni mamaki ya fito a 2020. Masana a jami'ar noma ta Shandong sun gano wata ƙwayar gado, Fhb7, a cikin wata ciyawar daji dangin alkama, mai warware gubar kanta. Ciyawar kuwa daga wata fumfuna ta samo ta tun zamani mai nisa. Har yanzu dai babu irin da cutar ba ta taɓawa sam, don haka feshi lokacin fure da sauya shuka suna nan daram.

A nan gida kuwa, alkamar da ake nomawa a Kadawa da Haɗeja ta rani ce, tana fure cikin busasshiyar iskar hunturu, abin da wannan fumfuna ba ta so. Amma yawancin fulawar burodinmu da taliyarmu da gurasarmu daga alkamar waje ake niƙa ta, wadda ke sauka ta jirgin ruwa a Legas.