Garin Neman Gira: Allurar Kawar da Tamoji da Abin da Take Yi wa Ido

A manyan biranen duniya, tun daga Paris har Dubai, akwai wata allura wadda ta zama ruwan dare a wajen masu hannu da shuni, mata da maza. Ba ta zazzaɓi ba ce, ba kuma ta rigakafi ba. Ana tsira ta a goshi, da tsakanin gira, da gefen ido, domin a shafe tamojin da shekaru suka zana a fuska. An fi saninta da sunan Botox, ko da yake wannan sunan da kamfani guda ya ba tasa ne. Akwai ƴan'uwanta irin su Dysport da Xeomin. Cikin minti 10 an gama, mutum ya biya ya koma bakin aikinsa. Bayan wata 3 ko 4 ƙarfinta ya ƙare, tamoji ya dawo, shi ma ya dawo. Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne, tsakanin inda ake tsira allurar da ido, sau da yawa bai wuce faɗin yatsa guda ba.

Asalin maganin dafi ne, kuma a cikin dafin da masana suka sani babu wanda ya kai shi ƙarfi. Wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum ce take fitar da shi, ita kuwa tana son wurin da iska ba ta shiga, kamar abincin gwangwani da ya lalace, ko naman da ba a adana da kyau ba. Tsakanin shekara ta 1817 da ta 1822 wani likita Bajamushe, Justinus Kerner, ya rubuta labarin mutanen karkara waɗanda suka ci naman da aka ɗura cikin hanji, suka kwanta ciwo, da yawa kuma suka mutu. Abin lura a nan shi ne, da ido ciwon yake farawa: fatar ido ta sauko, gani ya yi dishi-dishi, abu ɗaya ya koma biyu, sa'an nan haɗiya ta gagara, daga bisani numfashi. A shekara ta 1895, a garin Ellezelles na ƙasar Beljiyam, wasu makaɗa suka ci nama mai gishiri bayan jana'iza, mutum 3 suka rasu. Daga ragowar naman nan ne masani Émile van Ermengem ya gano ƙwayar.

Ga yadda dafin yake aiki. Tsoka ba ta motsi sai jijiya ta aiko mata da saƙo. Shi kuwa dafin yana shiga bakin jijiyar ne, ya hana ta sakin sinadarin da ke ɗauke da saƙon. Tsoka lafiyarta lau, amma ba ta jin kira, sai ta saki, ta zauna haka har jijiyar ta gyara kanta. Tamojin goshi kuwa, tsokar da ke ƙarƙashin fata ce take naɗe fatar duk sa'ad da mutum ya ɗaure fuska ko ya ɗaga gira. In an kwantar da tsokar, fata ta miƙe.

Abin mamaki, likitan ido ne ya fara mai da dafin nan magani. Alan Scott, na birnin San Faransisko a Amurka, yana neman hanyar gyara harara-garke ba tare da fiɗa ba. Ya gwada a kan birai, ya bayyana sakamakon a 1973, kuma kafin ƙarshen waɗannan shekaru ya fara yi wa mutane. A watan Disamba na 1989 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da maganin saboda harara-garke, da kuma wani ciwo wanda ke sa ido ya matse gam ba da son mai shi ba. Irin wannan ciwo ne wata likitar ido ta ƙasar Kanada, Jean Carruthers, take yi wa wata mata magani a 1987, sai matar ta nuna mata cewa duk inda allurar ta taɓa, tamoji yana ɓacewa. Mijin likitar, Alastair, likitan fata ne. Su biyu suka bi diddigin al'amarin. Amurka ta halatta allurar don tamojin tsakanin gira a 2002, Faransa ta bi baya a 2003. Daga nan magani ya fita daga ɗakin marasa lafiya ya shiga kasuwar kwalliya.

Sai dai dafi bai san iyaka ba. Ruwa ne ake ɗura wa tsoka, ruwa kuwa yana malala. A saman ƙwayar ido akwai wata siririyar tsoka wadda aikinta kawai ɗaga fatar ido. In allurar tsakanin gira ta yi ƙasa da yawa, ko ta yi zurfi, ko aka murza wurin bayan an gama, dafin yana iya ratsawa ya same ta. Mai allura ba ya ganin komi a ranar. Sai bayan kwana 2 zuwa 10 ya tashi da safe ya tarar ido ɗaya ya ƙi buɗewa sosai, kamar mai jin barci da ɓari guda. A gwajin da aka yi kafin a halatta Botox don kwalliya, wajen mutum 3 cikin 100 sun gamu da wannan. Saboda haka ne ake koya wa likitoci su bar aƙalla santimita 1 tsakanin allura da ƙashin da ke saman ido. Babu wani magani mai warware shi nan take. Akwai maganin ɗigawa da ke taɓa wata ƙaramar tsoka ta biyu, ya ɗaga fatar milimita 1 ko 2, amma sauran sai haƙuri, mako 2 zuwa 4, wani lokaci har wata 3. Wanda ya biya kuɗi domin ya rage shekaru a fuska, sai ga shi yana ɓoye ta da baƙin tabarau. In direba ne ko mai aikin takardu, abin ya wuce na kunya kaɗai.

Allurar gefen ido kuma tata matsala dabam ce. Tsokar da ke kewaye da ido kamar zobe ita ce ke rufe shi, ita ce ke ƙiftawa, ƙiftawa kuwa ita ke shafa ƙwalla a kan baƙin ido kada ya bushe. In ta yi rauni, ƙiftawa ta ragu, wani ma ido ba ya rufewa duka in yana barci. Sai ido ya bushe, ya yi ja, ya dinga jin kamar an zuba masa yashi. In aka yi sakaci baƙin ido ya yi miki, miki kuwa yana iya barin hakiya. Wanda aka yi masa allurar a ƙasar waje, ya dawo Yamai ko Damagaram a tsakiyar hunturu, ga iska ga ƙura, ya kamata ya san da wannan. Kaɗan daga cikin mutane kuma dafin yakan kai ga ɗaya daga cikin tsokoki 6 masu juya ƙwayar ido, sai su riƙa ganin abu bibbiyu. Watau abin da Alan Scott yake yi da gangan domin ya miƙe karkataccen ido, shi ne yake faruwa bisa kuskure ya karkata lafiyayye. Masu ciwon raunin tsoka, da mata masu ciki, da wanda ake yi wa allurar gentamisin, wadda ke ƙara wa dafin ƙarfi, dole su sanar da likita tun kafin a buɗe kwalba.

Duk waɗannan, in an kula, masu wucewa ne. Akwai wata allura ta biyu wadda jama'a kan haɗa ta da ta farko, alhali ba su da dangantaka, kuma haɗarinta ga ido ya fi girma nesa ba kusa ba. Ita ce allurar ciko. Ba dafi ba ce. Wani abu ne mai kauri da yauƙi, mafi yawa asid hiyaluronik, wani lokaci kitsen jikin mutum da kansa, ake ɗurawa ƙarƙashin fata domin a cike rami ko a ɗaga karan hanci. To, ƙananan hanyoyin jini na tsakanin gira da na hanci suna haɗe da babbar hanyar da ke bayan ido. In bakin allura ya faɗa cikin ɗaya, mai allura ya danna da ƙarfi, cikon yakan bi hanyar ya koma baya, gaba da gudun jini. Da ya ɗaga yatsa, jini ya turo shi gaba, ya kai shi cikin siririyar hanyar da ke ciyar da shimfiɗar bayan ido, wadda ke karɓar haske. Manomin rani ya san abin da ke samun fage in laka ta toshe magudanar da ke kai masa ruwa, babu kuma ta biyu. Mutum yana zaune bisa kujera, allura ba ta ma fita ba, sai ido ya yi duhu, sau da yawa tare da zafi mai tsanani. Likitoci suna ƙiyasta cewa shimfiɗar nan ba ta jure rashin jini fiye da minti 90. Akwai maganin da ke narkar da asid hiyaluronik, amma kai shi ga wurin da ya toshe aiki ne mai wuya, kuma mafi yawan waɗanda abin ya sama ganinsu bai dawo ba. Wasu ma har da shanyewar ɓarin jiki. Wani bincike na 2015 ya tattara labarin mutum 98 daga ƙasashe dabam-dabam, na 2019 ya ƙara 48. In aka auna da miliyoyin allurai da ake yi kowace shekara, adadin kaɗan ne ƙwarai. Amma wannan lissafi ba ya yi wa wanda ya makance amfanin komi.

Hukumomi sun fi damuwa da hannun da ke riƙe da allura. A Faransa ba kowane likita ne aka yarda ya yi allurar dafin don kwalliya ba, sai ƙwararru ƙalilan, kamar likitan fata, da na ido, da masu fiɗar fuska. Tun daga watan Yuli na 2024 kuma ba a sayar wa mutum abin ciko a kantin magani sai da takardar likita. Duk da haka masu yi a ɓoye, a ɗakunan haya da wuraren gyaran gashi, suna samun jama'a ta intanet saboda araha. Tsakanin Agusta da Satumba na 2024, mata 8 a Faransa suka kamu da ciwon dafin gaba ɗaya bayan irin wannan allura. A shekarar nan ma an kama jabun Botox a jihohi da yawa na Amurka. A Ingila, cikin makonni 6 na Yuni da Yuli 2025, hukumar lafiya ta ƙirga mutum 38.

Alamomin da suka kai su asibiti su ne waɗanda Kerner ya rubuta shekara 200 da suka wuce. Ido ɗaya da ya sauko shi kaɗai yana iya jiran likitan ido washegari. In idanu biyu suka sauko tare, ga gani bibbiyu, ga nauyin harshe, ga wahalar haɗiya, to dafin ya bar fuska ya shiga jiki, sai asibiti a daren nan. Akwai makarin dafin, amma tsai da shi kawai yake yi, ba ya ta da tsokar da ta riga ta saki. Wasu daga cikin waɗanda suka makara sai da aka sa musu na'urar numfashi.