Shari'ar da aka rufe a duniya, ina za a ƙarasa ta?

A Gamkalle, tsohuwar unguwar nan ta bakin kogin Isa da ke maƙwabtaka da barikin soja da masana'antun Yamai, ba a cika ɗaukar gawa zuwa kushewa ba sai wani dattijo ya miƙe ya yi shela: duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa, ko a biya shi ko ya yafe. Haka ake yi a Maraɗi da Damagaram. Mai kanti ya duba littafinsa, mai sayar da hatsi ta tuna tiya uku da aka ɗauka kafin albashi ya fito. Abin lura shi ne, babu wanda ke ganin mutuwa ta share bashin. Jama'a sun ɗauka lissafin yana nan buɗe, wurin biya kawai ya sauya.

To, wannan tunanin hujja ne cewa akwai lahira, ko kuwa lallashin zuciya ne? Ƴan Nijar ba su buƙatar aron misali daga wata ƙasa, domin suna da Juma'a biyu da suka isa nazari.

Ranar Juma'a 9 ga Faburairu 1990, zamanin Janar Ali Saibu, jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗaliban da suka taso daga jami'a za su ƙetare gadar Kenedi. Uku suka rasu. Jininsu na cikin abin da ya kai ƙasar ga babban taron ƙasa, wanda ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Andre Salifu, har aka kafa kwamitin binciken laifuffuka da cin amanar ƙasa. An yi magana, an yi kuka a gidan rediyo. Amma ƙungiyar ɗalibai ta USN ta kwashe shekaru tana fitowa kowace 9 ga Faburairu tana maimaita tambaya guda: wa ya ba da umarni?

Juma'a ta biyu ita ce 9 ga Afrilu 1999, ranar da aka harbe shugaba Ibrahim Bare Mainasara a filin jirgin saman Yamai. Firaminista Ibrahim Hasan Mayaki ya shaida wa ƙasa cewa mummunan haɗari ne ya auku. Kwamandan Dauda Malam Wanke, shugaban rundunar tsaron fadar, ya karɓi mulki, kuma kundin tsarin mulkin 1999 ya yi ahuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 27 ga Janairu 1996 da na 9 ga Afrilu 1999. Wato doka da kanta ta kulle ƙofar kotu. Wanke ya rasu a 2004 ba tare da ya tsaya gaban alƙali ba. Iyalan marigayin suka yi ta bin kadi har kotun CEDEAO, wadda a watan Oktoba 2015 ta umarci gwamnatin Nijar ta biya su diyyar sefa miliyan 435. Kuɗi ne masu kauri, sai dai kuɗi ba su faɗi sunan kowa ba. Ita ma wannan ƙofa ta ƙuntata, tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairu 2025.

Nan ne mai hankali ke tsayawa. Idan kashe ɗalibi mugun abu ne da gaske, ba don mutane sun ga dama sun kira shi haka ba, kuma idan wanda ya kashe da wanda aka kashe duk ƙasa ce za ta cinye su shi ke nan, to ashe adalci bashi ne da babu ranar biyansa. Wani masanin falsafa Bajamushe, Imanuwel Kant, ya bi wannan hanyar a littafinsa na 1788. A ganinsa, hankali na umartar mutum ya nemi duniyar da nagarta da jin daɗi za su yi daidai, alhali rayuwar nan ba ta isa a cim ma hakan ba. Saboda haka mai ɗaukar umarnin da muhimmanci dole ya ƙaddara cewa rai na ɗorewa, kuma akwai Mai ikon daidaita ma'auni. Amma shi da kansa ya amsa cewa wannan ba sani ba ne irin na lissafi, abu ne da aikin ƙwarai ke buƙata.

Masu suka ba su rasa ta cewa ba, kuma maganarsu ba ta yarwa ba ce. Jin yunwa bai tabbatar da akwai tuwo a tukunya ba. Ana iya son adalci har zuci, duniya kuma ta ƙi kulawa. Abin mamaki, malaman tauhidi na wannan yanki, mabiya Imam Ash'ari, sun fi kusa da masu sukar a wannan gaɓa fiye da yadda ake zato. Mu'utazilawa ne suka ce hankali ya wajabta wa Allah sakayya da azaba. Ash'arawa suka ce babu mai wajabta wa Allah kome: hankali na iya nuna cewa tashin matattu mai yiwuwa ne kuma ya dace da hikima, amma tabbacin hisabi da mizani da siraɗi daga wahayi ake jin sa, shi ya sa suka sa waɗannan a babin “sam'iyyat”, abubuwan da aka sani ta hanyar ji. Ke nan malamin zaure a Gamkalle ba ya cewa kisan gada ne ya tabbatar da lahira. Cewa yake an riga an ba da labarinta, kisan gada kuwa ya sa labarin ya zauna a zuciya.

Suka ta biyu ta fi zafi, ma'aikatan gwamnati kuma sun san ta. A shekarun 1990, da albashi ya riƙa makalewa wata da watanni, aka kuma karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, “a bar wa Allah” ta zama magana mai daɗi a bakin wanda ya ci, fiye da bakin wanda aka cuta. Idan imani da lahira zai sa a naɗe takardun ƙara a jefa cikin akwati, to azzalumi ya fi kowa cin ribarsa.

Sai dai fiƙihu bai goyi bayan wannan fahimta ba. Malamai sun raba haƙƙi biyu: na Allah, wanda tuba ke iya sharewa, da na bawa, wanda ba ya faɗuwa sai an biya ko mai shi ya yafe. Ƴan kasuwa sun san hadisin da ke cikin Sahihu Muslim game da wanda ya yi karayar arziki ta gaskiya: mutumin da ya zo da salla da azumi, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya zubar da jinin wani, aka yi ta ɗiban ladansa ana biyan su har ya ƙare. A wannan ma'auni, majalisa na iya hana alƙali zama, amma ba ta da ikon yafe jinin da ba nata ba. Ahuwar 1999 ta ɗaure hannun kotunan Nijar. Ba ta tambayi matar marigayin da ƴaƴansa ba, su kuwa shekara 16 suka yi suna nuna cewa ba su yafe ba. Iyayen ɗaliban gadar Kenedi ba su da irin wannan hali na ɗaukar lauyoyi zuwa Abuja.