Gigin Tsufa: Yadda Kabilu Suke Fassara Shi da Aikin Mai Hidima

Gabatarwa

Yawancin ikkilisiyoyinmu sun haɗa kabilu dabam-dabam, kowa kuma ya zo da abin da ya gada game da tsufa da ciwo. Sa'ad da tsohuwa ta fara manta sunayen 'ya'yanta, ko tana fita da dare ba ta san hanyar gida ba, sau da yawa fasto ake fara kira kafin likita. Sunan da fasto ya ba wannan hali shi zai nuna ko za a lura da ita, ko a ɓoye ta, ko kuwa a kore ta.

Mene ne wannan ciwo?

Abin da muke kira gigin tsufa, likitoci suna kiransa dimenshiya. Lalacewar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ce, wadda take rage tunani, magana, gane mutane, da iya yin ayyukan yau da kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne suke da shi, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari kuwa cutar Alzheimer ce, wadda wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Wani irin kuma yana biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Tsufa yana ƙara haɗarin kamuwa, amma tsufa kansa ba shi ne ciwon ba. Tsofaffi da yawa suna kai shekara 90 da hankalinsu garau.

Yadda jama'a suke fassara shi

*1. "Ai tsufa ne."* Wannan ita ce fassarar da ta fi yaɗuwa a duniya. A 2019 ƙungiyar Alzheimer's Disease International ta tambayi mutum kusan 70,000 a ƙasashe 155, biyu cikin uku suka ce wannan hali sashen tsufa ne kawai. Kalmarmu ta Hausa ma haka take nunawa. Amfanin wannan ra'ayi shi ne ba a ƙyamar tsohon. Illarsa kuwa, ba a kai shi asibiti.

*2. "Abin kunya ne."* Wasu al'ummai suna haɗa shi da hauka, suna tsoron ya ɓata sunan gida. A Japan tsohuwar kalmar ciwon tana ɗauke da ma'anar wauta, har gwamnati ta canja ta a 2004. A Ingila an lura cewa baƙar fata da mutanen da asalinsu Indiya da Pakistan ne sukan makara wajen zuwa asibiti, sai ciwon ya yi nisa.

*3. "Maita ce."* Wannan ita ce mafi haɗari, tana kuma nan a cikin kabilu da yawa na Afirka. A arewacin Gana akwai sansanonin da mata waɗanda aka zarga da maita suke fakewa, kamar na Gambaga, yawancinsu tsofaffi da gwauraye. Ku lura da yadda alamun ciwon suke kama da abin da mutane suke kira shaidar maita: yawon dare, fita ba tufafi, magana da matattu, canjin hali. Idan taro ya kewaye irin wannan tsohuwa yana tambaya, takan amsa "i" ga kome, sai a ce ta tona kanta. Maganar wanda ƙwaƙwalwarsa ta lalace ba shaida ba ce.

Akwai kuma masu cewa ciwon Turawa ne. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Yarabawan Ibadan da baƙar fatan Indianapolis a Amurka ya sami ciwon a wuraren biyu, ko da yake ya fi yawa a Amurka. Ba kabilar da ta tsira.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya

A Yahaya 9 almajirai sun nemi wanda za su ɗora wa laifin makantar mutumin nan, Yesu kuwa ya ƙi wannan tunani. Umarnin girmama iyaye a Fitowa 20:12 bai ƙare a ranar da uwa ta manta sunan ɗanta ba, a Markus 7 kuma Ubangiji ya tsauta wa masu fakewa da addini don su guje wa kula da iyaye. Ishaya 46:4 ya nuna Allah ne mai ɗaukar mutanensa har furfura. Ceton mai bi yana kan amincin Allah, ba kan ƙarfin tunaninsa ba. Idan dattijon ikkilisiya ya fara zagi saboda ciwo, kada a ce ya yi ridda.

Aikin mai hidima

Da fari, ka tambayi iyalin abin da suke tsammani ya same shi, ka saurara kafin ka koyar. Ɗa ɗaya zai ce tsufa, wani ya ce sammu.

Na biyu, ka sa a kai shi asibiti. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya tana iya zama daga zazzaɓi, ciwon mafitsara, ko wani magani da yake sha, waɗannan kuwa suna warkewa. Addu'a da asibiti ba abokan gaba ba ne.

Na uku, kada ka yarda a sa mara lafiya azumin dole, ko a tilasta masa tuba a gaban jama'a. Zargin mutum da maita laifi ne a dokar Nijeriya.

Na huɗu, ka ziyarce shi ko da bai gane ka ba. Tsofaffin waƙoƙin sujada da Addu'ar Ubangiji sukan daɗe a zuciya bayan sunaye sun ɓace. Zumuntar mata da matasa su riƙa karɓar mai jinya don ta huta.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Da wane suna ake kiran wannan hali a harshenku, me sunan yake sa mutane su yi?
2. Idan dattawan ikkilisiya ne da kansu suka kawo zargin maita a kan wata gwauruwa, yaya za ka amsa?